Binciken Kai a Gaban Allah: Tambayoyin da Masu Bi Suke Yawan Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a ajin baftisma, a taron Zumuntar Mata, da wurin matasa bayan an tashi sujada, musamman idan ranar Jibin Ubangiji ta matso. Inda ikilisiyoyi suka sha bamban a kan wata magana, an faɗi haka.

Mene ne ake nufi da mutum ya binciki kansa?

Shi ne ka tsaya a gaban Allah da niyyar ba za ka ɓoye masa kome ba, ka bar Maganarsa ta faɗa maka halin da kake ciki. Manzo Bulus ya ba da wannan umarni a 2 Korintiyawa 13:5, inda ya ce su gwada kansu su ga ko suna cikin bangaskiya. Yana da kyau a san dalilin maganar. Mutanen Korinti ne suka tasa Bulus a gaba, suna neman ya kawo hujjar cewa Almasihu ne yake magana ta bakinsa. Sai ya mai da musu tambayar: ku da kuke auna ni, kun auna kanku? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai dai mutum ba ya iya wannan aiki shi kaɗai. Annabi Irmiya (17:9) ya ce zuciya ta fi kome yaudara, kuma wanda take fara yaudara shi ne mai ita. Shi ya sa Dawuda ya rufe Zabura 139 da roƙon Allah ya bincike shi, ya gwada shi, ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinsa. Allah ne mai binciken. Naka shi ne ka daina kāre kanka.

A gidan Kirista aka haife ni, an yi mini baftisma, ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Me kuma zan bincika?

Wannan tambaya ta fi shafar mu a yau fiye da kakanninmu. Lokacin da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, yawancin masu karanta shi mutane ne da suka zaɓi bin Yesu da kansu, wasu har iyayensu suka juya musu baya a kan haka. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, yanzu jikoki da tattaɓa kunnen waɗancan mutane ne suke cika majami'u. A wurare da dama a Arewa, da an ji sunanka da garinku an riga an san addininka. Ta haka bangaskiya takan koma abin gado kamar gona, mutum ya tashi ya tarar da ita ya ci gaba, ba tare da ya taɓa tsayawa shi da Allah ba.

Yohanna Mai Baftisma ya gargaɗi Yahudawan zamaninsa kada su dogara ga cewa Ibrahim ne ubansu (Matiyu 3:9). Siman na Samariya, wanda dā yake sihiri, an yi masa baftisma har yana bin Filibus ko'ina, amma da ya fito da kuɗi zai sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Maganar da ta fi tsoratarwa tana Matiyu 7:21-23, game da masu cewa sun yi annabci sun fitar da aljanu da sunan Yesu, shi kuwa ya ce bai taɓa saninsu ba. Waɗannan ma'aikata ne, masu tsayawa a gaba.

Ba wanda ya ce baftisma da waƙa da zuwa sujada aikin banza ne. Abin da ake cewa, mutum yana iya yin su duka zuciyarsa tana wani wuri. Ikilisiyar Lawudikiya, a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, tana cikin birni mai arziki ƙwarai, wanda girgizar ƙasa ta rushe a shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, mutanensa suka sake gina shi ba da taimakon Roma ba. Ikilisiyar ta ɗauki halin garinta, tana cewa ba ta bukatar kome. Ubangiji ya ce mata matalauciya ce, makauniya, tsirara, ba ta kuma sani ba.

To, da me zan auna? Akwai alamomi?

Akwai. Wasiƙar Yohanna ta fari an rubuta ta ne domin masu bi su san suna da rai madawwami (5:13), kuma abubuwa uku take maimaitawa: ka gaskata Yesu shi ne Ɗan Allah da ya zo cikin jiki, kana kiyaye umarninsa, kana ƙaunar ɗan'uwanka. Na farkon kowa zai amsa da baki. Na biyu da na uku su ne suke tona asiri.

Kada ka tambayi kanka a dunƙule, "Ina ƙaunar mutane?" Amsar kullum i ce. Ka sauko ƙasa. Akwai wanda yake binka bashi, kana da halin biya, amma idan ka hango shi a kasuwa sai ka sake layi? Mudun da kike auna wa masu saye, shi ne wanda kike saye da shi, ko kuwa an ɗan buga gindinsa ya shiga ciki? Yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye da alkawarin makaranta, tana zuwa makarantar, ko tana wanke-wanke har 'ya'yanki su dawo? Kuɗin ƙungiya da ke hannunka, in an ce a kawo yau da yamma, za su cika? Abin da kake kallo a waya da tsakar dare, za ka iya miƙa wa matarka wayar ba ka goge kome ba? Yohanna ya ce wanda ba ya ƙaunar ɗan'uwansa da yake gani, ba zai iya ƙaunar Allah da bai gani ba (4:20).

A kula da abu ɗaya. Wasiƙar nan da kanta ta ce duk wanda ya ce ba shi da zunubi yaudarar kansa yake yi. Ke nan ba kammalalle ake nema ba. Ana duba inda mutum ya dosa, da abin da yake yi da zunubi idan ya gan shi: yana kai shi gaban Allah, ko yana nema masa uzuri.

Ina yin aikin kirki, amma ina jin daɗi idan an yabe ni. Munafuki ne ni?

Ka ɗauki ranar godiya a majami'a. Ana kiran suna, ana faɗin abin da kowa ya kawo, ana tafi, wani lokaci har da guɗa. Ka tambayi kanka nawa za ka sa da a ce ambulan ne ba suna, ba mai sanarwa. Tazarar da ke tsakanin kuɗin nan biyu, ita ce kuɗin da kake biya domin idon mutane. Yesu ya ambaci sadaka da addu'a da azumi a Matiyu 6, ya ce masu yi don a gani sun riga sun karɓi ladansu.

Hananiya da Safiratu ba a hukunta su don sun riƙe wani kashi na kuɗin gonarsu ba. Bitrus ya faɗa a fili cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Laifinsu shi ne sun so a ɗauke su a kan abin da ba su ba ne. Munafunci ke nan, wato ka shirya yadda za a gan ka, ka kuma san ƙarya ce.

Jin daɗin yabo kuwa kusan ba wanda ya kuɓuta daga gare shi. In ka ce sai niyyarka ta tsarkaka tas kafin ka yi alheri, marayu za su kwana da yunwa suna jiranka. Ka ci gaba da yi, ka faɗa wa Allah gaurayen da ka gani, sa'an nan ka riƙa yin wani alherin da ba wanda zai taɓa sani.

Ina addu'a amma ba na jin kome. Allah ya rabu da ni ne?

Ba lallai ba. Zabura 88 addu'a ce ta mutumin da ya fara cikin duhu ya gama cikin duhu, kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. A misalin mai shuka, irin da ya faɗa kan dutse shi ne wanda ya karɓi Maganar nan da nan da murna, ya kuma bushe da wuri. Hawaye da tsuma a taron farkawa ba su tabbatar da kome ba, rashinsu ma haka.

Ka duba ko akwai zunubin da ka sani kake riƙe da shi, domin wannan yakan toshe addu'a. In babu, ka duba jikinka. Gajiya, rashin barci, jego, zazzaɓi da baƙin cikin rashi duk sukan sa zuciya ta yi sanyi. Da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya.

Na ga ban cancanta ba. In ƙi cin Jibin Ubangiji?

A nan ne aka fi samun ruɗani. Mutane da yawa sun yi shekaru suna fita waje ko suna sunkuyar da kai idan an zo raba gurasa, saboda 1 Korintiyawa 11:27-29. A karanta daga aya ta 17. A Korinti ana haɗa Jibin da cin abinci tare. Masu hali sukan riga zuwa su cinye nasu, har wasu su bugu, talakawa kuma su iso su tarar ba kome. Abin da Bulus ya kira ci da rashin cancanta ke nan: suna cin gurasar jiki ɗaya suna kuma wulakanta gaɓoɓin jikin. Umarninsa shi ne mutum ya binciki kansa, sa'an nan ya ci. Binciken hanyar zuwa teburin ne.

In cancanta ta hali ake jira, ba fasto ba dattijo da zai miƙa hannu. An shirya Jibin domin masu zunubi da suka tuba. Wanda ya kamata ya dakata shi ne mai riƙe da zunubi da gangan ba shi da niyyar saki, da wanda ya san ya cuci ɗan'uwansa bai je ya gyara ba. Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Mata biyu da suka yi wata shida ba sa gaisawa saboda rikicin adashi, su zo su sha daga tire ɗaya kowa ta kau da kai, sun fi kusa da laifin Korinti fiye da yaron da yake kuka a kan faɗuwarsa ta jiya.

Dakatawar kuma ta ɗan lokaci ce, domin a je a gyara. Wanda ya mai da ƙin ci al'ada, shekara da shekaru, sau da yawa ya sami hanyar zama da zunubinsa ne cikin kwanciyar rai, yana kiran abin tawali'u. Wanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo, maganarsa dabam ce, sai ya bi ta wurin dattawa. 'Yan Katolika kuma koyarwarsu ita ce mai zunubi mai nauyi ya je ya furta wa Fada kafin ya karɓa.

Na tuba, na sake komawa zunubin nan dai. Tubata ta gaskiya ce?

Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korintiyawa 7:10, akwai irin na Allah mai kai ga tuba, akwai na duniya mai kai ga mutuwa. A dare ɗaya Yahuza da Bitrus suka ci amanar Ubangijinsu. Yahuza ya yi nadama, ya mai da azurfa talatin ɗin, har ya furta cewa ya ba da marar laifi. Amma wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, daga nan ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya zauna cikin 'yan'uwa, da ya ji Ubangiji ne a bakin teku ya faɗa ruwa ya nufe shi. Bambancin yana ga inda kowannensu ya gudu.

Sake faɗuwa kaɗai bai ƙaryata tuba ba. Abin tambaya shi ne me ka canja. Kunyar an kama ka dabam, ƙin zunubin dabam. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga jawabi ba, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. In ka ce ka tuba da shan giya amma kowace yamma kana zaune a inda ake sayar da burkutu wai hira kawai kake yi, ko ka ce ka rabu da wata amma lambarta tana wayarka da sunan wani makanike, ka riga ka shirya wa kanka hanyar komawa.

Binciken kai yana iya yin yawa?

Ƙwarai kuwa. Martin Luther ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta Jamus a 1505, yakan kuma shafe sa'o'i yana furta zunubansa, ya fito ya tuna wani ya koma. Mai ba shi shawara, Johann von Staupitz, ya yi ta nuna masa ya ɗauke ido daga kansa ya dubi Almasihu da aka gicciye. Luther bai sami salama ba sai da ya fahimci daga wasiƙar Romawa cewa adalcin da Allah yake nema kyauta ne da yake bayarwa ta wurin bangaskiya.

Manomi yakan tuge gindin gyaɗa ɗaya ya ga ko ta nuna. In kullum safe sai ya tuge, kafin kaka ba sauran gona. Bulus da ya ce a gwada kai, shi ne kuma ya ce ko shi ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai shari'arsa (1 Korintiyawa 4:3-4). Yohanna ya ce in zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma.

Ga yadda ake rarrabewa. Idan Ruhu Mai Tsarki ne yake tsauta maka, yakan nuna abu takamaimai: ƙaryar da ka yi wa wane, kuɗin da ka riƙe. Akwai abin yi, in ka yi kuma nauyin ya sauka. Zargin Shaiɗan ba shi da kai ba shi da gindi, sai dai ka ji kai ba kome ba ne, ba amfanin addu'a, ya kuma riƙa tono abin da ka riga ka furta tun bara. Wanda tunanin laifi ya hana shi barci da ci, ko ya fara tunanin kashe kansa, ya gaya wa fasto ya kuma ga likita ba da jinkiri ba.

Yaya ake yin sa a aikace?

Masu bi na dā sun bar hanyoyi masu sauƙi. Ignatius na Loyola, mutumin Sifen da ya kafa ƙungiyar Jesuit wadda aka amince da ita a 1540, ya koyar da taƙaitaccen bincike na kowace rana: ka fara da godiya, ka roƙi haske, ka bi ranar daga safe zuwa lokacin da kake, ka nemi gafara, ka ƙudura abin da za ka gyara. Farawa da godiya yana da hikima, domin wanda ya tuna alherin Allah tukuna ba ya jin tsoron duba laifinsa. Kwata ɗaya na awa ya isa.

John Wesley a Ingila ya bi ta hanyar zumunci. A 1738 ya tsara ƙananan ƙungiyoyi, maza dabam mata dabam, masu haɗuwa kowane mako suna tambayar juna zunubin da suka yi tun haɗuwar baya, jarabar da suka fuskanta, yadda suka kuɓuta, da abin da suke shakka ko zunubi ne. Ko ba ka bi ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka karanta Dokoki Goma, ko Matiyu 5 zuwa 7, ko Galatiyawa 5:19-23 a hankali daren Asabar, kana tsayawa a inda ya taɓa ka.

Dole ne in gaya wa wani, ko Allah kaɗai ya isa?

A Katolika, tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta furta zunubi ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara. Ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da Baptist suna koyar da cewa mai bi yana zuwa wurin Allah kai tsaye ta wurin Almasihu. Amma Yakubu 5:16 na kowa ne, inda aka ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a. Dawuda ya zauna da laifinsa a kan Uriya da Batsheba har aka haifi yaron, bai motsa ba sai da annabi Natan ya zo ya ce masa shi ne mai laifin. Akwai abin da ba za ka taɓa gani a kanka ba sai wani ya nuna maka, kuma matarka ko mijinki sun riga sun san shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wankan ba. Ka zaɓi mutum mai riƙe asiri, wanda ya girme ka cikin bangaskiya, namiji ga namiji, mace ga mace. Ba kowane abu ne na lokacin shaida a gaban jama'a ba, balle in maganar za ta tona wani. Wanda ka cuta kuwa, shi za ka je ka samu.

An kashe mini 'yan'uwa, an ƙone mana gida. Ban iya gafartawa ba. Ni Kirista ce ta gaskiya?

'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce. A 2014 Boko Haram ta kama hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a Kwarhi kusa da Mubi, yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a shekarar nan kuma 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai akwai gidaje da yawa masu irin wannan tambaya. Duk wanda ya ce miki abu ne mai sauƙi bai san abin da yake faɗa ba.

Yesu bai janye umarninsa na gafara da ƙaunar maƙiyi ba, ba za a ɓoye miki wannan ba. Amma gafara ba ta nufin ki ce abin da aka yi ba kome ba ne, ba ta hana neman hukuma ta yi adalci, ba ta kuma nufin zafin ya tafi. Farkonta shi ne ki bar ramuwa a hannun Allah, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce. Zabura cike take da mutanen da suka kai fushinsu gabansa ba su tace ba, ke ma kina iya yi. Abin da za ki bincika shi ne ko kina kai ƙiyayyar wurin Allah, ko kina renonta, kina koya wa 'ya'yanki su ƙi kowane mutum na wata kabila ko wani addini saboda abin da wasu suka yi. Mai cewa "Ubangiji, ban iya ba, ka taimake ni" tana tsaye a inda mahaifin yaron nan ya tsaya a Markus 9:24, da ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Yesu bai kore shi ba, ya warkar masa da ɗan.

In na bincika na ga ban taɓa ba da gaskiya ba fa?

Sai ka ba da gaskiya yau. A misalin Luka 18, Bafarisiye ya binciki kansa ya fito da jerin abin yabo: azumi sau biyu a mako, zakka daga duk abin da ya samu. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa, bai ko ɗaga ido ba, ya roƙi jinƙai a matsayin mai zunubi, shi ne kuma ya koma gida baratacce. Addu'arsa gajeriya ce, kana iya yin ta a inda kake.

Bayan haka ka sami fastonka ko wani dattijo ka faɗa masa, ko da kai shugaban matasa ne ko ɗan fasto. Maganar ko za a sake yi maka baftisma ta danganta ga ikilisiyarku. Katolika da Anglican da Lutheran ba sa maimaita baftismar da aka yi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ikilisiyoyin da ke yi wa manya kaɗai baftisma bayan sun ba da gaskiya sukan duba maganar mutum ɗaya-ɗaya, don haka ka bar dattawanku su ba ka shawara.